Wasiƙun Inna da Dakta a kan buhun wake

Matar baffana, wadda duk gidan muke kira Inna, tana zaune a wani ƙauye a ƙasar Taura ta jihar Jigawa, inda kasuwarmu ta mako ita ce Gujungu mai ci ran Lahadi. 'Yarta ta fari na karatun digiri na biyu a Kano kan ƙwarin da ke ɓata hatsi a ajiya, kuma malamar da ke duba aikinta, wadda zan tsaya ga kiranta Dakta, ita ta fara aiko da takarda. Inna ajami ta sani, shi ma iyakarta ta haɗa baƙi ta karanta layi biyu ko uku. Dakta kuwa boko take rubutawa. Ni na zama alƙalamin Inna kuma bakin Dakta, har suka kai ga yin gwajin ajiyar wake tare, daga kaka zuwa faɗuwar damina, ba tare da sun taɓa tsayawa a kan buhu ɗaya ba.

Wani zai ce ina waya? Waya tana nan, amma ta Baffa ce, a aljihunsa take wuni, kuma sabis sai an hau tudun bayan makaranta. Ko an samu, hirar waya tsakanin manyan mata biyu da ba su saba ba gaisuwa ke cinye ta: ina gajiya, ya yara, ya jama'ar gida, sai kati ya ƙare. Adadi kuma ba ya zama a kai. In an ce a shanya awa biyu, zuwa jibi maganar ta koma "ta ce a shanya sosai". Takarda kuwa ninke ta ake yi a jefa a adaka, bayan wata uku a ɗauko a sake bin ta layi-layi.

Takardar farko sunan Baffa ne a kan ambulan, ba na Inna ba. A ciki Dakta ta fara da gaishe shi, ta faɗi ko ita wace ce, ta ce yarinya tana lafiya kuma tana da ƙoƙari, sannan ta nemi izinin ta riƙa gaisawa da mai ɗakinsa tana yi mata tambaya kan ajiyar wake, tunda ta ji an ce hannunta na da kyau a wannan fage. A ƙauye wannan mataki shi ne ginshiƙi. Takardar da ta shigo gida daga birni kai tsaye zuwa ga matar aure, kafin magariba ta zama abin magana a bakin rijiya. Da Baffa ya ce ba laifi, sauran duk sunan Inna suka riƙa ɗauka, kuma bai sake neman a karanta masa ba.

Akwai abin da ya kamata duk mai shiga irin wannan aiki ya sani. Ɗalibar 'yar fari ce, don haka Inna ba ta faɗin sunanta, ba ta tambayar lafiyarta ƙiri-ƙiri, in aka yabe ta ma sai ta kau da kai. A takarda cewa take "yarinyar taki", kuma sau da yawa a can ƙarshe, bayan an gama gaida kowa har da direba. Wanda bai san alkunya ba zai ɗauka halin ko-in-kula ne, mai rubutu kuma zai ji kamar ya ƙara mata layi na nuna kewa. Ba a ƙarawa. Dakta ta gane kan abin da wuri: a kowace takarda takan sa layi biyu kan yarinyar ba tare da an tambaye ta ba, ta ci abinci, ta je gona da su, ta yi mura ta warke, sai ta wuce. Tun farko kuma ta gindaya sharaɗi cewa maganar maki da jarrabawa ba ta takardarsu ba ce, ta makaranta ce. Ina ganin wannan sharaɗi ne ya hana zumuncin komawa roƙon alfarma.

Kayan aikin rubutun kaɗan ne: littafin makaranta mai ganye 60, fallen takarda mai layi, biro, fensir, ambulan da 'yar leda. Lokacin da ya fi dacewa tsakanin azahar da la'asar ne, kafin a ɗora tuwon dare, kuma a ɗakinta, ba a tsakar gida ba, domin maganar da za ta faɗa gaban abokiyar zama daban take da wadda za ta faɗa ita kaɗai. Ana barin ta ta yi maganarta har ƙarshe, ana zubawa a littafi yadda ta fito, ko da ta tsallaka daga wake zuwa rasuwar maƙwabta ta dawo. Sai a karanta mata. A nan ne ainihin gyara yake fitowa daga bakinta: ta cire abin da ta ji ya yi kaushi, ta sa wanda ta manta a gaisuwa. Bayan haka a kwafe a falle mai tsabta, a sa lamba a kusurwar sama, na littafi ya zauna a gida. Lambar ce ke nuna in wata takarda ta ɓace a hanya, domin kowace amsa tana farawa da "na sami takardarki ta kaza". A ƙasa Inna takan karɓi biron ta ja layi ɗaya na addu'a da ajami da hannunta, wanda shi ne sa hannunta.

Babbar ɓarnar mai rubuta wa wani wasiƙa ita ce kwalliya. In Inna ta ce "da na tura hannu cikin waken na ji ɗumi, kuma ya bar mini gari a yatsu", ɗan boko zai so ya taƙaita ya ce waken ya fara lalacewa. To ya zubar da abin da Dakta ke nema, domin ɗumin nan shaida ce cewa tsutsa na aiki a cikin ƙwaya, garin kuma abin da ta ci ta fitar ne. Haka ma wajen karanta takardar Dakta. Ana karanta ta gaba ɗaya sau ɗaya ba sharhi. A karo na biyu ake tsayawa kan kowace tambaya. In Inna ba ta gane wani abu ba, a rubuta cewa ba ta gane ba, Dakta ta sake bayani. Mai karatu ya cike gurbin da nasa hasashen, nan da takarda biyu ya zama shi ke gwajin, ba su ba.

Kwanan wata da ma'auni su ne suka fi cin lokaci. Inna da watan Musulunci take lissafi, Dakta da na Turawa, kuma shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kusan kwana 11, don haka "bayan Sallah" ta bana ba ita ce ta baɗi ba a wajen zafi da sanyi. Kowace takarda tana ɗaukar kwanan wata biyu. Wajen wa'adi kuwa kasuwa muka riƙe: "bayan Gujungu huɗu" mako huɗu ke nan cif, kuma ba wanda ke mantawa. Ma'auni kuma, a al'ada buhu babba kwano 40 ne, kusan kilo 100, wato kwano ɗaya wajen kilo biyu da rabi. Amma kwano ba ɗaya ba ne: na wata mai awo an bubbuge gindinsa, na wata an tara shi ya yi tozo. Sai muka cika kwanon Inna da wake yadda ta saba aunawa, aka ɗora a sikelin masu sayen riɗi a kasuwa, aka rubuta wa Dakta nauyin. Daga nan ita ke juya kilonta zuwa kwanon Inna kafin ta rubuto.

Aikawa ta hannun direba ce. Ran Lahadi motocin Kano ba sa yankewa a Gujungu, kuma a tashar 'Yankaba suke sauke kaya. A bayan ambulan ana rubuta suna da lambar wayar mai karɓa da manyan baƙaƙe, a sa shi a leda saboda ruwa da gumi, a karɓi lambar direba da ta mota, a biya kuɗin saƙo gaban ɗan kamasho. Kuɗi ba sa shiga ambulan. Tsaraba kuma ƙunshinta daban, domin Inna ba ta aika takarda hannu rabbana: kuka, daddawa, wani lokaci man shanu. Man shanu in ya narke a but ɗin mota ya taɓa takarda, tawadar biro bazuwa take yi. Daga can kuma sabulu ne da turare, da goro na Baffa.

Samfurin wake shi ne ya fi wuyar aikawa. A ambulan na takarda ƙwarin suna ci gaba da haihuwa, har su huda su fita, a leda marar kauri ma haka. In direba ya ajiye a gaban gilashi rana ta dake shi, ƙwarin sun mutu kafin Gezawa, ƙidayar Dakta ta tashi a banza. Abin da ya yi aiki shi ne ƙaramar kwalbar roba mai murfin murɗawa, busasshiya, a naɗe ta da tsumma, a roƙi direba ya sa a ƙarƙashin kujera. Takardar shaida ana rubuta ta da fensir a jefa cikin kwalbar, domin wadda aka manna a waje ɓallewa take yi.

Tambayar Dakta ta farko ita ce yadda Inna ke ajiye irin shuka. Inna ta amsa da toka, kamar yadda ta gani wajen uwarta. Ita kuma ta mayar da tata tambayar, wadda ta daɗe tana damun ta: wake ne ka sheƙe shi tas, ba ƙwaro ko ɗaya, ka ɗinke buhu, to ta ina suke shiga? Da amsar aka haɗo ɗan gilashin ƙara girma. Dakta ta ce a ɗauki ƙwaya a fito haske a duba bayanta. Inna ta zauna a bakin ƙofa da faifai a cinya, tana juya ƙwaya da farce, har ta ga ɗigo-ɗigo manne da fatar waken, wasu garai-garai, wasu farare. Ƙwai ne. Ƙwaron tun a gona yake zuba su a jikin kwanson da ya fara bushewa. Mai garai-garai sabo ne, wanda ya yi fari kuwa tsutsar ta riga ta ƙyanƙyashe ta huda ta ƙasa ta shige cikin ƙwayar. A can take ci har ta girma, kuma dab da fitowa sai ka ga wani da'ira mai duhu a fatar waken, wanda shi ne murfin ramin da za ta ture. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa ƙwaro mako uku zuwa huɗu ne. Macen ba ta wuce mako ɗaya ko biyu a duniya, amma kafin ta mutu takan zuba ƙwai da dama, har ya kusa ɗari. Inna ta sa na rubuta: "Ashe da ɓarawon muke ɗinke buhu."

Daga nan maganar gwaji ta taso. An tara waken Inna na kaka, Kanannado, aka cakuɗa shi wuri ɗaya a kan tabarma don kowane kaso ya tashi da ƙwari daidai da ɗan'uwansa. Kafin komai sai an tabbatar ya bushe. Gwajin haƙori kowa ya san shi, ƙwaya ta fashe ƙas, ba ta lotse ba. Dakta ta ƙara da na gishiri: a sami kwalbar gilashi busasshiya, a zuba wake ya kai sulusinta, a sa cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe, a rufe a girgiza, a ajiye ɗan lokaci a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a koma shanya. Wannan ba abin wasa ba ne, domin ɗanyen wake in aka toshe masa iska tsami yake yi ya yi funfuna.

Aka raba gida huɗu. Na farko a buhu na yau da kullum, ba a yi masa komai ba, don a ga abin da ƙwaro zai yi in an bar shi. Dakta ta nemi kwano goma, Inna ta ce ba za ta yi wa ƙwaro sadakar kwano goma ba, aka tsaya a biyu. An kai shi wani ɗaki daban saboda ƙwarin suna tashi.

Na biyu toka. A nan iliminsu ya zo ɗaya, sai a wajen yawa. Inna takan barbaɗa ne ta juya. Dakta ta ce kwano ɗaya na wake, kwano ɗaya na toka, kai da kai, sannan a rufe sama da toka mai kaurin yatsu biyu a danna. Tokar ta huce sarai, a tankaɗe ta a fid da gawayi. Ba guba ce ke cikinta ba: cike guraben da ke tsakanin ƙwayoyin take yi, ƙwaron da ya fito ya rasa hanyar tafiya ya sami mace, ya bushe a inda yake. Shi ya sa barbaɗawa ba ta isa. Inna ta ƙara abin da Dakta ba ta ambata ba: bayan kwana biyu ko uku tokar takan zauna, waken sama ya bayyana, dole a ƙara, sannan a yaɓe murfin tukunyar da laka.

Na uku buhu mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi bayan aikin da suka fara a arewacin Kamaru, kuma daga 2007 aka shiga yaɗa shi a ƙasashenmu. Leda biyu ne masu kauri, kowace maikiron 80, da buhun saƙa a waje, akwai na kilo 50 da na kilo 100. Dakta ta bayyana wa Inna aikinsa da cewa kamar a kifa kofi ne a kan aci-balbal: ba wanda ya hura, amma wutar za ta cinye iskar da ke ciki ta mutu. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce. Ƙwarin da ke cikin buhun su ke shanye ta da kansu, in ta yi ƙasa sosai su daina ci da haihuwa, su bushe.

Ga yadda aka cika shi, kuma takardar da ta zo da wannan bayani ita ce aka fi karantawa. Kowace leda a buɗe ta ta ɗebi iska, a shaƙe bakinta a matsa, in tana saki akwai huji. A sheƙe waken a tsince kara da tsakuwa, su ke huda leda daga ciki. A zuba kwano biyu a leda ta farko don ta zauna, a zura ta cikin ta biyu, a zura su cikin buhun saƙa, a naɗe bakunan waje. A riƙa zubawa ana jijjigawa, a bar wajen taƙi ɗaya da rabi a sama na ɗauri. Sai a matse iska daga ledar ciki, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure da igiya ko robar tayar keke. A yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje. Kuskuren da ya fi yawa a ƙauye shi ne a haɗa ukun a ɗaure lokaci ɗaya, iska ta riƙa bi ta cikin ninkin. Igiya mai kaifi kamar waya tana yanka leda. Buhun a ɗora shi a kan katako, kada ya jingina da bango saboda ɓera da gara, kuma ɗaga shi ake yi, ba a ja a ƙasa. Sai doka ta ƙarshe, wadda ta fi wuya: ba a buɗewa don a leƙa. Kowace buɗewa sabuwar iska ce.

A kan wannan doka ce Inna ta ja. Ta sa na rubuta cewa buhun na maza ne masu jiran farashi ya tashi su kai kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano. Ita mace ce mai tuyar ƙosai ran Juma'a, mai ɗiban kwano ɗaya yau, rabi jibi, in baƙi sun zo a yi alale. Buhun da ba a buɗewa wata shida me zai yi mata? Dakta ta amsa cewa maganar gaskiya ce, kuma ba ta cikin tambayoyin da ɗalibanta ke yi wa manoma, domin yawanci magidanta suke samu a ƙofar gida. Daga nan kaso na huɗu ya fito: jarka. Ta lita 25 tana cin wajen kwano bakwai zuwa takwas. Wadda aka zuba man girki a ciki ake nema, a wanke a bushe ta sarai, ban da wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi. A cika ta har wuya ana bubbuga gindinta a ƙasa, a shimfiɗa leda a baki, a murɗa murfi a kai. Jarkoki da yawa, ana buɗe ɗaya a cinye ta cikin makonni kaɗan, sauran na rufe. Ɗaya daga ciki wake bai isa ya cika ta ba, aka bar sarari kusan taƙi guda, kuma ita ce daga baya aka samu wakenta da huji fiye da na 'yan'uwanta, saboda iskar da ta rage ta ba tsutsa damar ƙara kwanaki tana ci.

Akwai kuma dabarar rana, ga waken da aka ga ƙwari sun riga sun kama. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buhunan banza don ƙasa kada ta janye zafi, a ɗora baƙar leda, a baza wake sama-sama, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefuna a danne da duwatsu, a bari awa biyu da tsakar rana. Zafin digiri 57 na awa ɗaya yana kashe ƙwai da tsutsa da uwar. Sai dai a hunturu, ranar da hazo ya rufe, zafin ba ya kaiwa, sai a jira rana mai haske. Kuma rana ba ta barin kariya: da ya huce a inuwa, a zuba a jarka ko buhu mai leda a ranar.

Ƙidaya Inna ce ke yi da kanta. Bayan kowace Gujungu huɗu takan ɗebi gwangwanin madara ɗaya daga na buhun banza da na jarkar da ake ci, ta ƙirga ƙwaya ɗari a faifai, goma-goma tsibi goma, ta ware lafiyayyu gefe, masu ƙwai gefe, masu huji gefe. Ni rubutawa kawai nake yi. Sharaɗin shi ne ɗiba ido rufe, daga sama da tsakiya, domin hannun mace mai tsintar wake da kansa yake kauce wa marar kyau. Na toka da na buhu mai leda an ƙirga su ranar rufewa, sai kuma ranar buɗewa.

Cikin sanyin Disamba da Janairu adadin bai motsa sosai ba, har Inna ta rubuta cewa bana ƙwarin sun yi tafiya, an wahalar da ita a banza. Dakta ta ce a jira bazara, sanyi jinkirta su yake yi, ba kashe su ba. Zafin Maris da Afrilu na shigowa kwano biyun nan suka juye. Ka kara kunne ka ji motsi, ka tura hannu ka ji ɗumi, ƙwaya ɗaya huji uku ko huɗu, ga wari. Ƙarshensu abincin kaji. A wannan tsakanin aka yi wa Dakta rasuwa, takardar watan kuwa babu wake a cikinta ko kalma ɗaya: ta'aziyya ce tsantsa, layin ajamin Inna ya zama uku, kuma ita ta hana ni sa ƙidayar, ta ce ta jira wata mai zuwa.

Maganar fiya-fiya, maganin nan na kashe ƙwari, ma ta shigo, domin a kasuwa wasu na yayyafa wa wake. Dakta ta rubuta ba kwana-kwana cewa guba ce da ba a yi ta don abinci ba, kuma saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, alhali Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya. Inna ba ruwanta da Turai. Abin da ya tsaya mata shi ne jikokinta ne ke cin ƙosan, sai ta sa aka sake karanta wannan sashe gaban matan da ke kawo mata niƙa.

Da hadari ya fara haɗuwa aka buɗe na toka da na buhu. Na buhun ledar ciki ta lafe a jikin waken, matattun ƙwari a ƙasa, huji bai wuce yadda aka rufe shi ba sai kaɗan. Na toka ma ya tsira, sai dai fatarsa ta yi duhu, kuma mai saye a kasuwa ba ya son sa ko an wanke. Kafin shuka aka yi gwajin tsiro: ƙwaya ɗari daga kowanne, a jera a tsumma mai danshi, a naɗe a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma ba tare da ya jiƙe sharkaf ba, a ƙirga waɗanda suka fito bayan kwana bakwai zuwa takwas. In sun haura 80, iri ne mai kyau. In sun gaza, a ƙara ƙwaya a rami ko a nemi wani. Duka biyun sun haura.

Dakta ta ba da shawarar iri ma ya koma buhu mai leda, tunda ya fi sauƙin aiki kuma ana iya sake amfani da buhun in leda ba ta huje ba. Inna ta ƙi. Dalilinta shi ne irin da ke cikin buhu mai kyau, ranar da buƙata ta taso, suna ko asibiti, shi za a fara ɗorawa a babur zuwa Gujungu. Wanda ke cikin toka a tukunyar da aka yaɓe kuwa ba mai sha'awar sa, don haka yakan kai damina. Yanzu tsarinta uku ne: na sayarwa a buhu, na ci a jarka, na shuka a toka. Dakta ta sa wannan a cikin tambayoyin da ɗalibanta ke yi, kuma ta ce a riƙa tura ɗalibai mata su shiga cikin gida. Takardarta ta baya-bayan nan ta koma kan ƙuduji, ciyawar nan mai shanye hatsi, a gonar gero: tana so a ƙirga mata tsiron da ke cikin taki goma tsawo da goma faɗi, a wurare uku na gonar Baffa, kafin ya yi fure.